Ƙaura Don Karatun Yara: Kuɗin Da Ba A Sa Wa Cikin Lissafi

Duk wanda ya san Titin Bauchi a cikin birnin Jos ya san cewa babban rabo na cinikin titin nan a kan ɗalibai ya dogara. Tun daga tashar mota har zuwa ƙofar Jami'ar Jos, masu buga takardu da masu sayar da abinci da masu keke da masu gidajen haya a Unguwar Rogo da Unguwar Rimi, kowa da kalandar jami'a yake auna kasuwarsa. Jami'ar nan ta soma ne a matsayin reshen Jami'ar Ibadan cikin 1971, ta sami cin gashin kanta cikin 1975, kuma ta yaye mutane da yawa waɗanda ƙasa take alfahari da su. Amma a cikin 2020 malaman jami'o'i sun yi wajen wata tara suna yajin aiki, suka sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba na 2022, wata takwas cur. Tsakanin waɗannan biyu kuma, cikin Agustan 2021, bayan kisan matafiya a hanyar Rukuba, sai da aka dakatar da jarrabawa, gwamnatocin jihohi suka aiko da motoci suka kwashe ɗalibansu.

Saboda haka ba na ganin laifin magidancin da ya zauna ya ce zai nema wa 'ya'yansa wani wuri. Abin da ya sake shi ne irin tafiyar. A da, uba kan tura ɗansa shi kaɗai zuwa Alƙahira ko Khartum ko Madina, ya riƙa aika masa da guzuri. Yanzu kuwa sai ka ji an ce gidan wane sun tashi gaba ɗaya, ko kuwa uwargida ta tafi da yara ta zauna da su, maigida yana nan yana nema yana aikawa. Abin mamaki, garin nan da ake bari shi ne wanda Turawan mishan suka zaɓa don karatun nasu 'ya'yan, har suka kafa makarantar Hillcrest cikin 1942, saboda sanyinsa da lafiyar iskarsa. Duniya juyi-juyi.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne irin lissafin da ake yi kafin a tashi. Ka zauna da mai niyyar tafiya, zai gaya maka kuɗin makaranta har da ɗigo, zai gaya maka kuɗin jirgi da na biza. Ka tambaye shi, to, in yaro ya tashi da zazzaɓi da tsakar dare, wane asibiti za a kai shi, wa kuma zai biya? Sai ya yi murmushi ya ce Allah zai kiyaye. Lalle Allah shi ne mai kiyayewa, amma hukumomin ƙasashen da ake zuwa sun riga sun sa wa wannan tambaya farashi, kuma suna karɓar kuɗin tun mutum bai taka ƙasarsu ba.

Dalilin wannan sakaci ba ɓoyayye ba ne. Mu a nan ba mu saba da inshorar lafiya ba. An yi dokar shirin inshorar lafiya na ƙasa tun 1999, ba a fara aiki da shi ba sai 2005, kuma shekara da shekaru ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ne mafi yawan masu cin moriyarsa. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar a kan kowane ɗan ƙasa. Jihar Filato ma ta kafa tata hukumar, PLASCHEMA, cikin 2019. Duk da haka, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa. Inshorar da muka sani ita ce dangi. In ciwo ƙarami ne, a je kemis, in ma babu kuɗi a rubuta bashi. In babba ne, a kai mutum asibitin koyarwa na Lamingo ko Jankwano, a buga wa yaya da ƙane da suruki waya, a yi karo-karo, wani lokaci har a yi sanarwa a masallaci ko coci. Wannan tsari, da dukkan rauninsa, yana aiki. Sai dai ba ya shiga jirgi. Ranar da mutum ya sauka a wata ƙasa, ya bar mai kemis ɗin da ya san shi, ya bar waɗanda za su yi masa karo-karo, katin NHIA ko na jiha da ke aljihunsa kuwa ya zama takarda kawai, don ba ya aiki a ƙetare.

Bari mu ɗauki Ingila, domin ita ce ta fi bayyana farashinta a fili, kuma ita ce 'yan Nijeriya suka fi yi wa tururuwa a 'yan shekarun nan. Cikin 2022 kaɗai, an ba iyalan ɗaliban Nijeriya biza fiye da 60,000, adadin da ya zarce na kowace ƙasa. Da yawa daga cikin masu tafiyar ba digiri na biyu ne ya dame su ba. Abin da suka hango shi ne, in uba ko uwa ya shiga a matsayin ɗalibi, yara za su shiga makarantun gwamnati kyauta.

Asibitin Ingila, wanda suke kira NHS, ana cewa kyauta ne. Ga baƙo ba kyauta ba ne. Tun watan Afrilu na 2015 suka sa harajin lafiya a kan duk mai neman bizar da ta wuce wata shida. An fara da fam 200 a shekara, ɗalibi fam 150. Cikin 2019 aka ninka shi. Cikin Oktoban 2020 ya koma fam 624 da fam 470. A watan Fabrairu na 2024 kuma aka kai shi fam 1,035 ga babba, fam 776 ga ɗalibi da iyalinsa da duk yaron da bai kai shekara 18 ba. Ba wata-wata ake biya ba, ba kuma shekara-shekara ba. Na dukkan shekarun bizar ake biya gaba ɗaya, kafin ma a duba takardun mutum.

To, mai karatu, ɗauki alƙalami. Malamin jami'a ne zai tafi digiri na uku, shekara uku, da matarsa da 'ya'ya uku. Mutum biyar sau fam 776, fam 3,880 ke nan a shekara. Shekara uku, fam 11,640, ban da 'yan watannin da ake ƙarawa a ƙarshen biza, waɗanda su ma ana biya musu. A ƙarshen 2024 fam ɗaya ya haura naira 2,000. Ko a kan 2,000 ɗin aka tsaya, kuɗin ya wuce naira miliyan 23, a ƙasar da mafi ƙanƙancin albashi, bisa dokar Yulin 2024, naira 70,000 ne. Ba a zo kan kuɗin makaranta ba, ba a sayi tikiti ko ɗaya ba. Kuma bayan an biya wannan, babba zai ci gaba da biyan kuɗin magani in likita ya rubuta masa, fam 9.90 kowane iri tun Mayun 2024, haka kuma zai biya likitan haƙori da na ido, in ma ya sami likitan haƙorin da zai karɓe shi.

Wani zai ce, ai sai in shiga da bizar ziyara in huta da wannan haraji. Wanda ya yi haka, za a duba shi a sashen gaggawa ba tare da an nemi kuɗi ba, amma da zarar an kwantar da shi, kuɗin da za a rubuta masa shi ne ainihin kuɗin aikin da ƙarin rabinsa. Mace mai ciki ba za a kore ta ba, za a karɓi haihuwarta, sa'an nan takardar bashi ta biyo ta gida. Bashin asibiti da ya kai fam 500 kuwa ya isa a hana mutum biza nan gaba. Ga shi kuma bizar ziyara ba ta ba yaro damar zama ɗan makarantar gwamnati.

Ƙofofin ma an yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. Daga Janairun 2024, mai zuwa digiri na biyu irin na zaman aji ba ya tafiya da iyali, sai mai karatun bincike ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyinsa. Daga Maris na 2024 masu aikin kula da tsofaffi su ma aka hana su kai iyali, cikin Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko irin waɗannan ma'aikata daga waje ɗungurungum. Akwai wata biza da aka yi musamman don uwa ko uba mai rakiyar yaro, amma sharuɗɗanta sun isa su sa mutum ya sake tunani. Dole yaron ya kasance tsakanin shekara 4 zuwa 11, dole makarantar ta kasance ta kuɗi, mutum ɗaya ne cikin iyaye zai zauna da shi, ba a yarda ya yi aiki ba, kuma ranar da yaron ya cika 12 zaman ya ƙare. Makarantun kuɗin nan kuwa tun Janairun 2025 an ɗora wa kuɗinsu haraji na kashi 20 cikin 100.

Kada a ce Ingila ce kaɗai. Kanada ta ɗaga kuɗin zaman da ɗalibi zai nuna daga dalarta 10,000 zuwa 20,635 a Janairun 2024, kuma a can kowane lardi da tsarinsa na lafiya, har lardin Ontario, inda birnin Toronto yake, bai sa ɗaliban waje cikin inshorar gwamnati ba, sai sun sayi tasu. Jamus, wadda ake yabo da rashin kuɗin makaranta a yawancin jami'o'inta, ta nemi a kulle yuro 11,904 a banki na shekara guda tun daga Satumban 2024, kuma ba jami'ar da za ta yi wa mutum rajista ba tare da takardar inshorar lafiya ba. Dubai ta wajabta inshorar da dokar 2013, kuma wanda ya kawo iyalinsa shi zai saya musu. Saudiyya tana karɓar riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum ɗaya daga iyalin ma'aikaci baƙo tun 2020.

Amma babbar masifar ba tsadar ba ce ita kaɗai. Mai kuɗi ya iya shirya wa tsada in ta tsaya wuri ɗaya. Masifar ita ce mutum yana samu da naira yana kashewa da kuɗin wasu. A watan Yuni na 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 cikin Fabrairun 2024. Wanda ya sayar da fili ya ajiye kuɗin shekara biyu, ya wayi gari bai da na wata takwas, alhali bai ci ba, bai sha ba, ba a kuma yi masa sata ba. A watan Mayu na 2024 duniya ta ji labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside da ke garin Middlesbrough, waɗanda suka kasa cika kuɗin makaranta saboda faɗuwar naira, aka dakatar da su, aka kai sunayensu ma'aikatar cikin gida, aka umarci wasu su bar ƙasar. Ƙungiyoyin raba abinci kyauta na yankin suka cika da 'yan Nijeriya. Waɗannan mutane ne da suka nuna wa ofishin jakadanci kuɗi a banki kafin su tafi. Kai, ko Gwamnatin Tarayya da kanta abin ya gagare ta: cikin 2024 ta rage alawus ɗin ɗaliban da ta tura Rasha da Maroko da Aljeriya da wasu ƙasashe daga dala 500 zuwa 220 a wata, bayan watanni ba a biya ba, cikin 2025 kuma Ministan Ilmi Tunji Alausa ya ba da sanarwar daina shirin. In gwamnati mai rijiyoyin mai ta ja da baya, ɗan kasuwar da ke da shago biyu a Taminus ya kamata ya sake duba littafinsa.

Na san mutanenmu za su ce su ba Turai suka nufa ba, Masar za su, inda akwai Azhar, akwai Larabci, akwai kiran salla, abinci kuma da araha. Gaskiya ne Alƙahira ta fi Landan sauƙi nesa ba kusa ba, kuma akwai Hausawa da yawa a unguwannin Madinatu Nasr waɗanda za su tarbi baƙo. Sai dai arahar da ake ba da labari ta shekarun baya ce. Cikin Satumban 2023 hauhawar farashi a biranen Masar ta kai kashi 38 cikin 100. A watan Maris na 2024 aka karya darajar fam ɗin Masar, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50. Yaƙin Sudan ya turo dubban ɗaruruwan mutane cikin ƙasar, kuɗin haya ya yi sama, musamman a unguwannin da baƙi suka fi zama. Tun 2023 kuma hukuma ta ce duk baƙon da ke zaune ba tare da takardar izni ba sai ya biya dala 1,000 kafin a daidaita masa zama. Uwar da ta raka yara da bizar yawon buɗe ido, tana sabuntawa tana mantawa, ita wannan magana ta fi shafa. In ciwo ya zo, asibitin kuɗi za ta nufa, kuma a can sai an ajiye wani abu kafin a ba da gado.

Sudan ɗin ma darasi ce. Khartum ta daɗe tana zama jami'ar talakan Arewa, musamman ga 'yan mata masu karatun likita. Ranar 15 ga Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke, ɗalibanmu suka kwana da kwanaki a bakin iyakar Masar cikin hamada kafin a bar su su wuce, aka kwaso mutum fiye da 2,000 zuwa Abuja. Shekara guda kafin nan an yi irin wannan a Yukren. Maƙwabciyarmu Nijar, inda wasu suka tura 'ya'yansu Maraɗi, an rufe iyaka da ita daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024 bayan juyin mulki, ga sefa ta yi wa naira nisa. Yawancin takardun inshora suna da layin da ya cire yaƙi da tarzoma daga abin da kamfani zai biya.

Wannan ya kawo mu kan abin da ke cikin takardar kanta, wadda yawancin masu saya ba sa karantawa. Inshorar tafiya daban, inshorar zama daban. Wadda ake saya don neman bizar ƙasashen Turai, mai cewa za ta biya har yuro 30,000, ta haɗari ce da ciwon gaggawa na ɗan lokaci, ba ta zuwa ganin likita duk wata ba. Ita kuma ta zama, in ta kamfani ce, mafi yawanci takan cire ciwon da mutum ya zo da shi. A nan ne abin ya shafe mu ƙwarai. Hawan jini da ciwon sukari sun yi yawa cikin magidanta, asma tana nan cikin yara, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan kuma yana ɗauke da ƙwayar sikila. Yaro mai sikila sanyi yakan tayar masa da ciwo, kuma iyayen da ke Jos sun san haka tun daga hunturun Disamba. Kai shi ƙasar ƙanƙara da inshorar da ta cire sikila, wannan ganganci ne. In kuma mutum ya ɓoye ciwon lokacin cika takarda, ranar da aka gano kamfani yana da ikon ƙin biya gaba ɗaya. Haihuwa ma yawancin kamfanoni sukan sa mata wa'adin jira na wata goma ko shekara, wato wadda ta tafi da ciki ba ta ciki. Akwai kuma iyakar abin da za su biya a shekara, da kason da mutum zai fara biya daga aljihunsa kafin su sa hannu. Masu ƙyamar inshora saboda addini, akwai tsarin takaful, wanda aka ba kamfanoninsa lasisi a Nijeriya tun 2016, kuma ya yaɗu a Malesiya da ƙasashen Larabawa. Amma ko da wane suna aka kira shi, ƙasar da ta wajabta ba za ta ba da izinin zama ba sai ta ga takarda.

Ban ce kada kowa ya tafi ba. Akwai waɗanda suka tafi suka ci riba, 'ya'yansu suka yi karatu ba yajin aiki, ba dokar hana fita. In ka bincika za ka tarar ko dai albashinsu da kuɗin can ake biyansu, ko wata hukuma ce mai cika alkawari ta ɗauki nauyinsu, ko kuwa dukiyarsu ta kai a ce naira ta faɗi su ko a jikinsu. Wanda nake jin tsoro dominsa shi ne na tsakiya, wanda zai sayar da gidan da ya gada a Unguwar Rogo, ya ajiye aikin da ke ba iyalinsa katin asibiti, ya dogara da cewa in an isa can za a sami abin yi. Ɗalibi a Ingila awa 20 kawai aka yarda ya yi aiki a mako lokacin karatu, kuma an rubuta a jikin bizarsa cewa ba shi da haƙƙin tallafin gwamnati. Irin wannan magidanci, kuɗin harajin lafiya kaɗai da muka lissafa a sama zai biya wa 'ya'yansa shekaru a makaranta mai kyau a nan gida, da inshorar iyali a kai.

Dillalan biza da ofisoshinsu suka yawaita a garuruwanmu ba su ne za su faɗa masa wannan ba. Yawancinsu makarantun waje ne ke biyansu la'ada a kan kowane ɗalibin da ya yi rajista, saboda haka maganar kuɗin makaranta suka iya. Ya kamata mai tafiya ya nemi amsa a rubuce: nawa ne kuɗin lafiya na kowane mutum har ƙarshen zaman, me aka cire, nawa ne hayar ɗaki biyu kusa da makarantar da kuɗin ajiyar da mai gida zai nema, nawa ne wuta da ɗumama ɗaki a watannin sanyi. Ya yi lissafin da farashin canji na yau, sa'an nan ya sake yi kamar naira ta rasa rabin darajarta, tun da mun ga haka da idonmu.

Akwai kuma wata dabara da ta zama ruwan dare, wadda ita ce ta fi jefa mutane cikin rami. Ingila tana neman ɗalibi ya nuna kuɗin zama na wata tara a banki, su kwana 28 a jere ba a taɓa ba. A Janairun 2025 adadin fam 1,136 ne a wata ga wanda ke wajen Landan, fam 1,483 ga na cikinta, kowane mutum ɗaya na iyali kuma fam 680 a wajen Landan. Ga iyalin nan namu na mutum biyar, fam 34,704 ke nan, kusan naira miliyan 70. Sai wasu suka mai da abin sana'a: su zuba wa mutum kuɗin a asusunsa, ya biya su lada, a buga takardar banki, a sami biza, su kwashe abinsu. Masu yin haka sun ɗauka sun tsallake wani shinge ne na ofishin jakadanci. Alhali adadin nan ƙiyasi ne na mafi ƙarancin abin da iyalin za su ci, su biya haya, su hau mota a wata taran farko, kuma mazauna can suna cewa bai ma isa ba. Mai kuɗin aro yakan karɓi abinsa tun iyalin ba su shiga jirgi a Abuja ba, mai gidan haya a can kuwa yakan nemi na wata da kuɗin ajiya kafin ya miƙa makulli.